Sautin Baya a Faifan Sa'adiya

A Illela, idan ka ce kana neman Halimatussa'adiya za a tambaye ka wace daga ciki, domin suna da yawa. Idan ka ce Sa'adiya mai kyamara kuwa, duk matar da aka yi wa aure a garin nan daga shekarar 2007 zuwa 2012 za ta nuna maka hanyar gidanta. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu fiye da shekara ashirin, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

'Yar gidan malamai ce, ta yi saukar Alƙur'ani a gaban mahaifinta kafin a aurar da ita ga Atiku. Shi Atiku shago gare shi a bakin titin da ya miƙe zuwa iyakar Nijar, yana sayar da kaset da faifan bidiyo, rabin masu sayensa mutanen Ƙonni ne da ke tsallakowa ranar kasuwa. Yana kuma ɗaukar bukukuwa da kyamara. Matsalarsa ɗaya ce: ɗaurin aure da zaman maza a ƙofar gida yake iya ɗauka, cikin gida kuwa, inda ake kamu da buɗar kai da walima, ba wurin shigar namiji ba ne. Sai ya koya wa matarsa. Mahaifinta ya yi kwana biyu yana nazari kafin ya yarda, bisa sharaɗin cewa cikin mata kaɗai za ta yi aiki, kuma hannun amarya kaɗai faifan zai shiga.

Kyamarar wani ɗan kasuwa ne ya kawo wa Atiku daga Kwatano. Ƙaramin faifai take ci, bai wuce tafin hannu ba, yana ɗaukar rabin sa'a. Idan an gama biki Atiku ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a babban faifai yadda yake, ya goge ƙananan domin biki na gaba. A saman kyamarar akwai makirufo mai raga, da wani rubutu a gefensa da babu wanda ya damu ya karanta.

A lokacin 'yarsu ta fari, Khairiyya, tana da shekara biyar. Ba ta yarda a bar ta a gida, don haka duk bikin da Sa'adiya ta je tana biye, riƙe da gefen zanen uwarta ta baya. Yarinya ce mai surutu. Idan ta ga tunkiya sai ta tambayi sunanta. Sa'adiya kuwa irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗaukar ta a gaban mutane, ba ta yi mata dariya idan akwai idon wani. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Haka ta ga uwarta ta yi wa babban wansu, kuma mata suna yaba mata a kan hakan.

Na sha ji da kunnena Khairiyya tana cewa, "Inna, ni ma ɗauke ni."

Sa'adiya takan ce, "Wannan na amarya ne. Wata rana."

Gaskiya ta faɗa, rabin sa'a ba ya isar ko gaisuwar dangin ango. Amma ranar ba ta zo ba. A bazarar 2013 sanƙarau ya shigo unguwarmu. Khairiyya ta dawo daga Islamiyya ranar Litinin tana kukan ciwon kai da wuya, ranar Alhamis da hantsi aka kai ta makwancinta. Shekararta goma sha ɗaya.

Sa'adiya ba ta yi kuka a zaman makoki ba. Ta zauna tana amsa gaisuwa, tana miƙa wa baƙi ruwa, tsofaffi suna cewa ka ga 'yar gidan malamai. Bayan arba'in ta naɗe kyamarar a cikin wani tsohon mayafi ta sa a ƙasan akwati. Dama wayoyi masu ɗaukar hoto sun fara shigowa, babu wanda ya tambaye ta dalili. Ta koma ɗinkin hula da rainon ƙannen Khairiyya maza biyu. Abin da ya rage mata na yarinyar hoto ɗaya ne ƙarami, wanda aka ɗauka don takardar makaranta.

Wajen shekara takwas bayan rasuwar, muna zaune a tsakar gidanta muna tsinkar zogale, sai ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba, "Kin san na mance muryarta?"

Na ce, "Muryar wa?"

Ta ce, "Yarinyar nan. Fuskar tana nan. Amma in na so in ji yadda take magana, sai in ji muryar ƙanenta. Na yi ta ƙoƙari."

Muka ci gaba da tsinkar ganye.

A farkon 2023 wanta Malam Sharafaddeen ya yi ritaya ya dawo Illela. Shekara talatin ya yi a wani gidan rediyo a Sakkwato yana kula da sauti. Da ya dawo sai ya ba kansa aikin ceto tsofaffin kaset da faifai, ya fara da karatun tafsirin mahaifinsu. Ya ware ɗaki ɗaya a gidan gado, ya sa kwamfuta da batirin sola da lasifika shida: uku a gaba, biyu a baya, ɗaya babba a ƙasa mai fitar da gurnani. Yakan ce wa duk wanda ya zo gaishe shi, faifan da aka zuba wa abu a shago ba dutse ba ne, zafin ƙasarmu yana cinye shi a hankali, wanda bai kwashe nasa yanzu ba, zai wayi gari da madubi kawai.

Shi ya matsa wa Sa'adiya ta kawo abin da ya rage a shagon Atiku. Faifai bakwai aka samu a wani kwali, na bukukuwan da masu su ba su zo sun karɓa ba. Ya riƙe su kwana uku, sannan ya aika a kira ta. Ta ce in raka ta, muka je bayan la'asar.

Ya ajiye mata kujera a tsakiyar ɗakin. Ya ce, "Sa'adiya, kin san irin kyamarar da kinka riƙa shekara biyar?"

Ta ce, "Kyamara dai ce, Yaya."

Ya ce, "Kunne biyar gare ta. Tana jin gaba, tana jin hagu da dama, tana kuma jin abin da ke bayan mai riƙe da ita. Kowane da hanyarsa daban cikin faifan. Talabijin ɗinku mai lasifika biyu tana haɗe su wuri guda, kiɗi ya danne komai. Zauna ki ji."

Ya kunna. Wani biki ne da aka yi a Darna Sabon Gari a 2008. Ƙwarya tana tashi daga gaba, guɗa daga dama, kai ka ce cikin gidan bikin muke. Sai daga bayan kafaɗarta ta hagu wata 'yar murya ta ce, "Inna, takalmina ya tsinke."

Sa'adiya ta juya da sauri har kujerar ta kusa kifewa. Bango ne kawai a wurin, da lasifika a rataye da ƙusa.

Malam Sharafaddeen ya tsayar. Ya ce a hankali, "Na ji ta shekaranjiya. Ban san yadda zan gaya miki ba. In bari?"

Ta ce, "Mayar."

Ya mayar da shi baya, ya kashe lasifikan gaba, ya bar na baya biyu. Kiɗin ya koma nesa, kamar a wata unguwa ake yi. Muryar ta fito tsaf, har da jan majina. "Inna, takalmina ya tsinke. Inna. Inna, duba." Sai wata murya ta babba, kusa ƙwarai, a ƙasa-ƙasa: "Ke, yi mini shiru."

Kukan da Sa'adiya ba ta yi ba shekara goma, a ɗakin nan ta yi shi. Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa ta toshe baki da mayafi. Wanta ya fita waje ya bar mu. Sai da aka kira magariba na samu ta miƙe.

Washegari ta koma ita kaɗai ta ce ya koya mata aikin. Ya ce zai yi mata duka, ba sai ta wahala ba. Ta ce a'a, ita ta ɗauka, ita za ta fitar. Mace ce da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, tana da shekara arba'in da biyu, amma cikin wata guda ta iya. Ta koyi wanke faifai da ruwa da ɗan sabulu, da goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ta koyi cewa ba a jona wayar nan mai kai ja da fari daga na'urar kallo, domin ta nan sauti biyu kaɗai ke fitowa a cakuɗe. Faifan gaba ɗaya ake kwafewa cikin kwamfuta yadda yake, ba a rage masa nauyi, sannan a zare sautin a raba shi hanya shida, a ajiye asalin a wuri uku daban-daban. Sai ta sa abin ji a kunne, ta buɗe hanyoyin baya biyu, ta saurari biki daga farko har ƙarshe tana rubuta minti da sakan na duk inda yarinyar ta yi magana.

Da bakwai ɗin suka ƙare sai ta zauna da Atiku suka tuno amaren da ta ɗauka. Sun haura ɗari. Nawa ne na farko da ta karɓa, na bikin ƙanwata, na same shi a bayan madubi. Daga nan ta shiga bin gidaje. Atiku ke kai ta a babur. Shi sau ɗaya ya saurara. Ya sa abin a kunne, bai kai minti ɗaya ba ya cire, ya ce bari ya je masallaci, alhali lokacin salla bai yi ba. Bai sake saurara ba, amma duk ƙauyen da ta ce za ta, zai rufe shago ya kai ta, ya zauna a inuwa a waje har ta fito.

Abin da ta tarar ya fi abin da ta samu yawa. Wasu sun ce yara sun yi wasa da shi. Wasu auren ya mutu, faifan ya bi shi. Da yawa sun ce da farin ciki, ai sun mayar da shi cikin waya tuntuni, suka nuna mata. Ta karɓi irin waɗannan ta gwada, amma wanda ya mayar ɗin ya matse sautin ya zama hanya ɗaya, babu abin da ke fita sai kiɗi. A Tozai wata mata ta kai ta gonar gero ta nuna mata faifan bikinta a rataye da zare, yana walƙiya yana korar tsuntsaye. Rana ta ƙone shi ya yi fari. Sa'adiya ta roƙa aka ba ta, ta kawo gida, kwamfutar ko alamar ta ga wani abu ba ta yi ba. Ana cikin haka aka rufe iyaka, amare goma sha wani abu da ke aure a Ƙonni, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, ta jira su watanni.

A ƙarshe faifai talatin da takwas suka shigo hannunta, ashirin da ɗaya suka buɗe. Da ta tsinto duk inda Khairiyya ta yi magana ta jera, abin ya kai minti goma sha huɗu. Na saurare shi. Yarinyar tana neman ruwa. Tana ƙirga kwanonin da aka jera wa amarya, tana tsallake bakwai. Tana biya wata sura a hankali, ta maƙale a aya ɗaya, ta sake daga farko. Tana tambaya, "Inna, don mi amarya ke kuka, an buge ta?" A wani bikin tana dariya ita kaɗai, har yau ba mu san abin da ta gani ba. Kana jin muryar tana girma, daga ta shekara biyar mai tsamin baki zuwa ta goma.

Na ce mata, "Alhamdu lillahi, Sa'adiya, kin samu."

Ta ce, "Na samu. Amma kin ji abin da nike ce mata? Na ƙirga, sau arba'in da ɗaya. Yi shiru. Bari. Matsa can. Ko sau ɗaya ban amsa mata tambaya ba, ban kuma kira sunanta ba. Ina ma ta san ba ƙinta nike yi ba."

Na ce ai kowa ya san kunya ce.

Ta ce, "Manya sun sani. Ita shekararta nawa?"

Ranar ce ta ba ni labarin Garu. A 2011 ta ɗauki bikin wata Ummu Kulthum a can. Ana dab da fitar da amarya, ta kai hannu baya ta ji babu kowa riƙe da zanenta. A gidan akwai rijiya mara murfi. Ta mance da kyamarar da ke aiki a hannunta, ta mance da mutane, ta ɗaga murya ta kira, Khairiyya, har sau uku. Ashe yarinyar tana bayan rumbu tana kallon 'yan awaki. Ta fito da gudu tana cewa na'am Inna, mata suka fashe da dariya. A hanyar dawowa yarinyar ta yi ta tsokanarta, Inna ashe kin san sunana.

Ta ce, "Wannan nike nema. In na same shi na huta."

Sai da ta je Garu sau uku kafin ta sami Ummu Kulthum a gida. Matar ta yi murna, ta ce faifanta yana nan, ko sau biyar ba a kalle shi ba. Ta ciro shi daga akwatin ƙarfe, cikin jakarsa, babu ko karcewa ɗaya. Sa'adiya ta rungumo shi cikin hijabi har Illela.

Malam Sharafaddeen ya ɗaga shi a hasken taga. Bakin faifan, zagaye, ya canza launi ya koma kamar ruwan shayi. Shekara goma sha biyu ya yi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano.

Ta ce, "Mi ne ne, Yaya?"

Ya ce, "Faifai daga tsakiya yake farawa, ya ƙare a baki. A wane lokaci abin ya faru?"

Ta ce, "Wajen ƙarshe."

Ya ce, "To, mu gwada."

Kwana tara suka yi. Na'urar karanta faifai uku ya gwada, ɗaya ma aro ya yi daga wani tsohon abokin aikinsa a Sakkwato. Ya sa kwamfutar tana bin wurin da ya lalace a hankali, tana komawa tana sake gwadawa, abin da ta tsinta yau a haɗa da na jiya. Sa'adiya takan zo da safe bayan ta sallami yara, ta zauna tana kallon wasu ƙananan gidaje a allon kwamfutar, kore na abin da ya fito, ja na abin da ya ƙi. Kullum jan yana raguwa kaɗan. A rana ta bakwai ya daina raguwa.

Ina nan ranar da suka saurari abin da aka samu. A minti na hamsin da biyu hoton ya karkata, ya koma kallon ƙasa, ga ƙafafun mata da tabarmi suna wucewa. A lasifikan baya kana jin numfashin Sa'adiya da sauri, da wata mata tana cewa, "Lafiya, mai hoto?" Daga nan hoton ya daskare, sautin ya yanke. Sakan talatin da bakwai babu komai. Sai ya dawo a tsakiyar dariyar mata, wata tsohuwa tana cewa, "Yau dai kunya ta tahi kiwo!" A ƙarƙashin hayaniyar, kusa da makirufo, Khairiyya tana dariya tana haki.

Sa'adiya ta ce a mayar. Aka mayar. Sau huɗu tana zama cikin shirun nan daga farkonsa har ƙarshensa, idonta a rufe. Sannan ta ce, "Ba a iya ƙara gwadawa?"

Wanta ya ce, "Abin da ke wurin ya goge, Sa'adiya. Ba ɓoyewa ya yi ba. Ki yi haƙuri."

Ta gyaɗa kai. Ta goge faifan, ta mayar a jakarsa. Bayan kwana biyu ta kai wa Ummu Kulthum abinta, tare da memori mai ɗauke da bikin duka da sautinsa shida, kamar yadda take yi wa duk wadda ta ara mata. Ta gaya mata kada ta bari kowa ya matse shi don ya shiga waya.

Yanzu mata ne ke kawo mata faifai da kansu, har waɗanda ba ita ta ɗauka ba. Talata da Asabar take zama a ɗakin wanta daga hantsi zuwa azahar. Ba kowane faifai ke da sautin baya ba, takan faɗa musu tun farko. Amma ta fito wa wata mata da muryar kakarta tana faɗa a kan gishirin miya, ta fito wa wata da tarin mahaifinta daga zaure. Idan suka fara kuka takan fita ta ba su wuri.

Da damina ta faɗi bana, Atiku ya tuna cewa faifai biyu ya yi na bikin Garu, domin wata gwaggon amarya da ke aure a Tawa, cikin Nijar, ta ce a yi mata nata. Ummu Kulthum ta tabbatar, ta ba da lambar waya, amma lambar ba ta shiga. Sa'adiya ta ɗinka wata 'yar jaka mai auduga a ciki don ɗauko shi. Atiku ya ce da an gama girbi za su tafi.

Makon jiya na haɗu da Malam Sharafaddeen a ƙofar gidansu, muka gaisa, na tambaye shi ko yana ganin za a dace. Ya duba ko akwai mai jin mu. Ya ce faifan biyu daga kwali ɗaya suka fito, rana ɗaya aka zuba su, kuma Tawa ta fi Illela zafi. Ya ce bai gaya mata ba. Ni ma ban gaya mata ba.